Wanda Ya Tona Asirin Madam Safina

Ranar Litinin, tun kafin a buga ƙarfen shiga kalas, mutanen Garin Tala suka tarar da takardu huɗu manne da ƙaro a ƙofar lakol, makarantar bokon garin. Dukkansu iri ɗaya ne: hoton fuskar waya da aka buga a takarda, rubutun Faransanci ƙanana-ƙanana, a samansa sunan Madam Safina da ɗan hotonta cikin farin mayafi. Wanda ya manna su bai bar marasa jin Faransanci a baya ba. Ya sa baƙin biro mai kauri ya rubuta da Hausa a saman kowace ɗaya: MALAMAR 'YA'YANKU FARFAƊIYA GARE TA.

Kafin hantsi ya dubi ludayi uwaye sun zo sun kwashe 'ya'yansu. Wata ta shiga har cikin kalas ta ɗauki randar da yara ke shan ruwa ta fasa a bakin ƙofa, tana cewa ai ta yawu ake ɗauka. Cikin yara arba'in da shida bakwai suka rage, su ma don iyayensu suna gona ne labari bai iske su ba.

Maigari Garba ya aika a kira masa Jaye.

Jaye Bafulatani ne na rugar da ke gabas da gari, kuma daga Gangara har Gazawa babu wanda bai san shi da bin sawu ba. In aka kore wa mutum shanu, shi ake nema kafin a nemi jandarma. Bai yi lakol ba yana yaro. Ɗan karatun da ya iya Madam Safina ce ta koya masa, a darasin manya da take bayarwa bayan la'asar a gindin dogon yaro. Shekara biyu yana zama a layin baya da allonsa a cinya, yana kallon yadda farin alli ke ɓata mata yatsu, zuciyarsa na yi masa wani irin ciwo mai daɗi da bai taɓa gaya wa kowa ba, balle ita.

Ya tsaya gaban guntun takardar da ta rage a ƙofa, ya haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ta koya masa. Da ya kai ƙarshe ya gwammace da bai iya karatun ba.

“Wannan karon ba sa aka sata ba, Jaye,” in ji maigari. “Mutuncin baƙuwarmu ne. Ka iya?”

“Ran maigari ya daɗe, in da ƙafa ya zo, ƙasa za ta faɗa mini.”

Bakin ƙofar an riga an tattake shi. Ya koma bayan katanga, ya durƙusa, ya bi rairayi da ido har ya sami abin da yake nema: ɗigon ƙaro guda biyu, kusa da su kuma sawu. Ƙaramar ƙafa ce cikin silifa, ta mace, mai saurin tafiya. Sawun bai nufi cikin gari ba. Ya gangara ya faɗa burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa kiwo, nan kofato ɗaruruwa suka shafe shi ƙarƙaf.

Jaye ya daɗe a tsugune. Mai wannan ƙafa ta shiga burtali daf da fitowar garke, ta bar shanu suka share mata baya. Wani zato ya zo masa, ya danne shi da sauri. Ya ce wa kansa dacewa ce kawai ta yi.

*

Safina ba ta fito ba. Ta bayan labulen ɗakin da take haya ta yi magana da shi, shi yana tsaye a rana da sandarsa a kafaɗa.

“Madam, ƙarya aka yi miki. Zan nemo mai ita.”

“Ba ƙarya ba ce, Jaye.”

Muryarta ta dushe kamar ta wadda ta yini tana kiran wanda ba ya amsawa. Ta ce tun tana shekara goma sha huɗu take da ciwon. Tana karɓar magani a Maradi, kuma yau shekara shida rabon da ta faɗi. Abin da aka buga a takardar shafi ne na intanet inda masu irin ciwonta ke haɗuwa suna tambayar wani likita, kowa da mabuɗinsa na sirri. Nan kaɗai take faɗin abin da ke ranta.

“Wa ya san da ciwon?”

“Innata a Tibiri. Sai Asma'u, abokiyar aikina da muke ɗaki ɗaya.”

“Shafin fa, a ina kike buɗe shi?”

“A wayata. Sau ɗaya a ordinata, kwamfutar da ke buron darekta. Sau biyu a siba ta Gazawa, shagon intanet na Ashraf, da wayata ta lalace. Ban tuna wani wuri ba.” Sannan ta ce, “Ka san mi ya fi yi mini ciwo? Zulai, 'yar yayarka. Ita ce kullum ke riƙe mini jaka. Yau ta hango ni ta taga ta ruga.”

Jaye ya so ya ce mata ko da duniya duka za ta ruga shi yana nan. Ya ce, “Allah shi kyauta, Madam,” ya juya, yana jin haushin kansa kamar ya mari fuskarsa.

*

Gari kuwa ya riga ya yanke hukunci: Madam Asma'u ce. An ji su suna cacar baki a makon jiya, kuma an san Asma'u da kaifin harshe. Jaye ya same ta a bakin famfo ita kaɗai, matan da ke layi sun ja baya sun bar mata fili.

“Ga mai bin sawun shanu ya zo kama saniya,” ta ce. “To, ga ni.”

“Tambaya ce kawai, Madam.”

“Faɗan da muka yi a kan gishiri ne, in kana son sani. Ta cika shi a miya, na faɗa, ta ji haushi. Shekara uku muna cin tuwo a kwano ɗaya, muna sha a kofi ɗaya, ga ni tsaye ban taɓa faɗuwa ba. Wannan bai ishe su shaida ba, amma faɗan gishiri ya isa.” Ta zare ƙafarta daga takalmi ta dangwala a laka. “An ce kai gwani ne. Duba. Lamba arba'in da ɗaya nake sawa, tun ina yarinya ake ce mini mai ƙafar raƙumi.”

Bai ma buƙaci ya sunkuya ba. Sawun bayan katanga zai shige cikin nata har ya bar wuri.

Idanunta suka ciko. “Jiya da yamma tana gyara kayen yara, littattafan aikinsu, tana dariyar rubutunsu. Yau ko ruwa ba ta sha ba. In ka kama mai wannan aiki, ka kawo mini shi kafin ka kai wa maigari.”

*

Mushe Aminullahi, wato Malam Aminullahi, darektan lakol, mutum ne mai tsoron magana fiye da tsoron kura. Ya nuna wa Jaye ordinatar buro lulluɓe da zane, ƙura ta yi mata kauri.

“Wata biyu ke nan batirin sola ya mutu. Ko ni ban iya kunna ta ba, balle wani.” Ya jawo aljihun tebur ya fito da takarda a ninke. “Wannan ita kaɗai ce ba a yaga ba, ni na ɓamɓare ta da hannuna. Riƙe.”

“Mushe, yaran za su dawo?”

Darekta ya cire tabarau ya murza ido. “Ban taɓa samun malama kamarta ba, wallahi. Amma kalas babu yara ba kalas ba ne. Na ba ta zuwa Alhamis. In ba su dawo ba, dole in rubuta wa na sama a canza mata gari. Ka gane, ba ni ba ne, tsari ne.”

“In na kawo wanda ya yi fa?”

“Wataƙila in mutane suka ga ƙeta ce, su ji kunya.” Bai kalli Jaye ba da ya faɗi haka.

*

Talata da safe Jaye ya hau kabu-kabu zuwa Gazawa. Sibar Ashraf ɗaki ne ƙarami kusa da tasha, ordinatoci biyar da fanka mai kuka. Ashraf, wani siririn saurayi mai gemu kamar na bunsuru, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya dafe ƙirji.

“Ni? Malam Jaye, da ina leƙen asirin mutane da tuni an ƙone mini shago. Rabin sirrin Gazawa ta kujerun nan yake bi. Zo ka gani.”

Ya zaunar da shi gaban wata ordinata. Ya ce duk shafin da mutum ya buɗe yakan ajiye wata 'yar alama a cikin na'urar da aka buɗe shi, ana ce mata kukis. Da ita shafin ke gane ka in ka dawo.

“Kamar shaidar da muke yi wa saniya a cinya,” in ji Jaye.

“Yauwa, ashe ka riga ni. To iri biyu ne. Akwai na shafin da ka shiga. In ka sa mabuɗinka, ka tashi ba ka danna fita ba, wannan kukis ɗin yana riƙe ƙofa a buɗe. Duk wanda ya zo bayanka a na'urar zai shiga a matsayinka, ba a tambaye shi komi ba. Akwai kuma na 'yan talla, su ne 'yan sa ido. Ka duba takalmi yau a wani kanti, gobe ka je karanta labarin kokowa, sai ga takalmin ya biyo ka.” Ya danna nan ya danna can. “Ni na 'yan talla na toshe su gaba ɗaya. Sauran kuma, da mutum ya tashi aka rufe burauza, komi ya goge. Madam Safina ta zauna nan, na tuna ta, amma ko inuwarta ba ta rage ba.”

Jaye ya miƙa masa takardar. Ashraf ya karanta, fuskarsa ta canza.

“Allah ya isa. Wannan ba ordinata ba ce ma, hoton fuskar waya ne. Wani ya buɗe shafinta a waya ya ɗauka, ya kai aka buga. Ko a Agye, ko a hayin iyaka, wa ya sani.”

“A wayarta ke nan?”

“Ko a wata wayar da ta taɓa shiga ta manta ba ta fita ba.”

Jaye ya karɓi takardar. Rubutun Faransancin bai da amfani gare shi, don haka ya yi abin da ya saba yi a daji: ya bar tsakiyar hanya, ya duba gefe. A can ƙasan hoton, inda tawada ta yi baƙi-baƙi, akwai wani ɗan akwati da ba ya cikin rubutun. Ya matsa bakin ƙofa inda haske yake. Maɗauri ne. Da ƙarfen maɓalli mai siffar jinjirin wata.

“Wannan mene ne?”

“Talla ce. Jakar mata, ta fata.”

“Tallar nan, mai shafin take bi, ko mai wayar?”

“Mai wayar. Abin da aka daɗe ana leƙe a cikinta shi ke fitowa. Ka nemo mai wayar da ke mafarkin wannan jaka, ka sami ƙofar da ɓarawo ya bi.” Ashraf ya yi dariya, sai ya ga Jaye ya jingina da bango kamar wanda aka zare wa ƙashin baya. “Malam Jaye, lafiya?”

Jakar Safina ta yage tun damina, da zare take ɗaure hannunta. Wata guda ke nan Jaye, in ya kai shanu tudun da waya ke kamawa, yakan buɗe shafin wani kanti na Maradi ya kalli wata jaka ja mai maɓallin jinjirin wata, yana shirya kalmomin da zai faɗa ranar da zai miƙa mata. Duk sanda shafi ya fito masa da tambaya cikin Faransanci, babban maɓallin yake dannawa don ta kauce masa daga gani. Jakar ta riƙa bin sa ko'ina a waya, shi kuwa ya ɗauka alama ce daga Allah.

Ya zaro wayarsa. Sai yanzu ya tuna. Mako uku da suka wuce, bayan darasin manya, cajin wayarta ya ƙare, ta ce ya ara mata tasa minti biyu. Ya ba ta, ya kau da kai, ya ji kamar sarautar duniya aka ba shi.

Ashraf ya buɗe burauzar, ya duba jerin shafukan da aka taɓa shiga, ya taɓa ɗaya. Shafin ya buɗe nan take, bai nemi mabuɗi ba. Ga sunanta, ga farin mayafinta. A ƙasa, ga jar jaka.

Fanka ta yi ta kukanta. Can Ashraf ya ce a hankali, “In goge?”

“Bar shi. Sai maigari ya gani.”

“Wa ke taɓa wayarka ban da kai?”

Jaye ya karɓi wayarsa ya fita.

*

Mutum ɗaya ce. Addarsa Baturiya, wadda ta goya shi bayan rasuwar innarsu, wadda ta yi lakol har aji shida kafin a cire ta. Mijinta yana ci-rani a Abijan, kuma duk Juma'a takan aiko a karɓo wayar Jaye don ta ga fuskarsa suna magana. Ƙane ba ya hana yayarsa abu, ba ya kuma tsayawa a kanta tana magana da mijinta. Yakan bar mata wayar tun hantsi, sai la'asar a dawo masa da ita.

Ya isa ruga da yamma. Ba ta nan, ta kai nono gari. A bakin bukkarta ga sawunta a kwance cikin rairayi, ƙaramar ƙafa mai sauri, wadda ya fara koyon bin sawu da ita tun yana bin ta rijiya yana kuka. Ya tsaya a kansa ya daina yi wa kansa ƙarya. Tun ranar Litinin ya gane shi. Babu 'yar gari da ta san lokacin da garke ke fita har ta sa shanu su share mata sawu. Ya yi kwana biyu yana zagaya gari da tambayoyi don kawai ya sami wani da zai ɗora wa.

Ya zauna a kan turmi. Ya yi tunanin ya ce wa maigari sawu ya ɓace. Sai ya tuna Asma'u a bakin famfo ita kaɗai, ya tuna muryar da ke bayan labule, hawaye suka zubo masa, bai share ba.

*

Laraba bayan azahar aka taru a ƙofar gidan maigari. Maza a kan tabarmi, mata a tsaye daga baya. Darekta ya zo, Ashraf ya zo daga Gazawa, an kira majo, babban ma'aikacin asibitin Gangara. Asma'u ta zauna tana riƙe da hannun Safina, kuma an bar musu fili zagaye da su kamar an zana da sanda.

“To, Jaye,” in ji maigari. “Mi ƙasa ta ce?”

“Ran maigari ya daɗe, Madam Asma'u ba ta da hannu, ƙafarta ta wanke ta. Ordinatar Mushe a mace take. Sibar Ashraf ba ta ajiye sawun kowa.” Ya ajiye takardar a tabarma, ya ajiye wayarsa kusa da ita. “Ta nan aka shiga. Wayata ce.”

Wuri ya ɗauki guna-guni. Ashraf ya tashi ya yi bayanin kukis a taƙaice, ya nuna jakar da ke takarda da wadda ke waya. Wani dattijo ya ce shi dai bai gane yadda jaka ke bin mutum ba, amma ya ga iri ɗaya ce.

Safina ta ɗago kai karon farko. “Jaye. Kai?”

“Ba ni na manna ba, Madam. Amma ni na bar ƙofa a buɗe.”

“Mi mai kiwo ke yi da jakar mata?” wani ya tambaya, aka ɗan yi dariya. Jaye ya sunkuyar da kai. Safina ta dubi hoton jakar, ta dubi tata mai ɗaurin zare a cinyarta, ta rufe fuska da mayafi.

“Wa ka ba wayar?” in ji maigari.

Jaye ya buɗe baki. Sunan ya zo masa har maƙogwaro ya tsaya. Ɗan Fulani bai kama sunan yayarsa a gaban taro ko da alheri ne, balle da wannan.

“Ku ƙyale shi, ba zai iya ba.” Baturiya ce ta ratso mata ta fito, ƙwaryar nono a kanta. Ta sauke ta a ƙasa a hankali. “Ni ce. Na gama magana da baban Zulai, na taɓa wani wuri, sai ga fuskar Madam. Na karanta. Na ɗauki hoto na tura a katin ƙaramar wayata, ran kasuwar Agye na kai aka buga.”

“Mi ta yi miki, Baturiya?”

“Ba ta yi mini komi ba, ran maigari ya daɗe. Ina ma sonta.” Muryarta ta karye. “'Ya'ya huɗu na haifa, uku suna ƙasa. Zulai kaɗai gare ni. Kullum tana manne da Madam, tana shan ragowar ruwanta. Kwana goma ban iya cin abinci ba. In na je wurin darekta zai ce Bafulatana ce, mi ta sani. In na cire Zulai ni kaɗai, 'ya'yan sauran fa?” Ta juya ga ƙanenta. “Kai kuma na ga yadda kake kallonta. Na ce gara ka sani tun yanzu.”

“Adda,” in ji Jaye, “da kin tambaye ni.”

“Da ka ce mi?”

“Da na ce ko mi gare ta, ina so.”

Shekara biyu yana ajiyar wannan magana, ga inda ta fito: a gaban gari, a kan tabarmar shari'a, lokacin da ba ta da sauran amfani.

Majo ya miƙe. Ya ce shekararsa ashirin yana aikin asibiti, kuma farfaɗiya ba a ɗaukarta, ba ta yawu ba, ba ta kofi ba, ba ta taɓa jiki ba. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa da magani ke riƙewa. Ya roƙi ruwa, ya ba Safina ta kurɓa, ya karɓa ya shanye sauran a gabansu.

Maigari ya yi wa Baturiya faɗa mai zafi, ya sa ta durƙusa ta nemi gafara. Safina ta ce ta yafe, ba tare da ta dube ta ba. Kowa ya yarda an zalunci Madam. Dattawa suka yi ta girgiza kai suna cewa abin bai yi kyau ba.

“To, alhamdulillahi,” in ji maigari. “Gobe wa zai maido ɗansa kalas?”

Wani ya shiga gyara hularsa. Wani ya ce shi dai sai ya yi shawara da mai ɗakinsa. Daga baya wata tsohuwa ta ce, “Majo ai allura gare shi, ya san abin da ya sha kafin ya zo.”

Ranar Alhamis Safina ta share allo, ta rubuta kwanan wata, ta zauna. Yara biyu suka zo. Kafin tashi aka aiko aka tafi da ɗaya.

*

Ran kasuwa Safina ta kama hanyar Tibiri wurin innarta, ta jira inda za a tura ta. Asma'u ta rako ta da akwati. Jaye ya same su a tasha, ya tsaya nesa kaɗan, sai Safina ta yafito shi.

“Ba ni wayarka.”

Ya ba ta. Ta shiga shafin ta danna fita. Ta shiga saitin burauza ta goge kukis duka, ta toshe na 'yan talla, tana nuna masa kowane mataki da yatsa, a hankali, yadda take koya masa baƙi.

“In shafi ya tambaye ka, kada ka danna babban maɓalli don sauri. Nemi ƙaramin, mai cewa ka ƙi. In wani ya ari wayarka, ka buɗe masa shafin sirri, wanda ba ya ajiye komi. Ka riƙe?”

“Na riƙe, Madam.”

“Laifina ne ni ma. Na rufe shafi na ɗauka na fita.” Ta mayar masa da wayar. “Ka ce wa Zulai ta ci gaba da karatu. Kanta na ja.”

Taksin tsohuwar mota ce mai cin mutum tara. Safina ta shiga baya ta zauna jikin taga. Matar da ke kusa da ita ta leƙa fuskarta, ta tattara zanenta ta sauko ta koma tsakiya. Direba ya yi ta kiran mutum ɗaya, mutum ɗaya Maradi. Mutum uku suka zo, kowa ya leƙa, ya ce zai jira ta gaba.

Jaye ya jingine sandarsa a jikin rumfa, ya buɗe ƙofa ya shiga ya zauna kusa da ita. Kafaɗarsa ta taɓa tata. Bai taɓa kusantarta haka ba.

“Ina za ka?”

“Inda za ki.”

“Sauka, Jaye.”

“Madam, abin da na faɗa gaban maigari…”

“Na ji shi. Da a gindin dogon yaro ka faɗa mini, da na san abin da zan ce.” Hawaye na bin kumatunta, amma muryarta ba ta yi rawa ba. “Yanzu in na dube ka, ƙofar lakol nake gani. Ba laifinka ba ne, kuma ba zan iya hanawa ba. In za ni wani gari, ina so in je inda babu wanda ya karanta takardar nan. Don Allah ka sauka.”

Ya sauka.

Direba ya ƙara kira sau biyu, ya duba rana, ya tofar da yawu ya tada mota. 'Yan tasha suka bi ta da kallo, don tun da suke ba su taɓa ganin taksin Maradi ta tashi ran kasuwa ba ta cika ba. Ta fita daga tasha a hankali, mutum takwas a matse kamar buhunan gero, da wuri guda babu kowa a gefen Madam Safina.